Babi na Bakwai: Maƙwabtaka da Rina

Da farko mu kawar da wata tsohuwar magana, wai maciji yana kafe tsuntsu da ido har ya faɗo masa a baki. Ba haka ba ne! Maciji ba shi da fatar ido da zai ƙifta, shi ya sa kallonsa yake kama da na mai tsafi. Tsuntsuwar da ka gani tana shawagi a kansa tana tsuwwa kamar za ta tsage, da hankalinta sarai. Gangami take yi. Kafin ka ankara maƙwabta sun taru, wannan ya kawo sura, wancan ya kai sara ta wajen wutsiya, har asirin mai satar hanya ya tonu. Manya a karkara sun san wannan hayaniya. In sun ji ta a kan darbejiya, sanda suke nema.

Sai dai gangami dabarar wanda aka riga aka cim wa ce, kuma da dare ba ta da amfani. Ainihin tsaron tun wajen zaɓen wurin sheƙa ake yin sa. Tsuntsaye masu saƙa suna rataye tasu a can ƙarshen siririn reshe, ƙofa na kallon ƙasa. Wannan kowa ya gani.

Wadda ta fi burge ni ita ce asisi, 'yar mitsitsiyar nan mai shuɗin ƙirji, wadda namijinta ke da jan tabo a kowane kunci. Ba ta da baki ko farcen da za ta tsorata kowa. Sheƙarta ma dunƙulen ciyawa ce mai ƙofa a gefe, yaro zai iya ruguza ta da yatsa biyu. To, sau da yawa sai ta je ta gina ta dab da gidan rina. Ka tsaya daga nesa ka duba: rina na zaune a kan saƙarsu, asisi na shige da fice da tsinken ciyawa a baki, ba wanda ya kula wani. Amma bari wani abu ya girgiza reshen! A wani bincike da Paul Beier da abokin aikinsa suka yi a Ghana, aka buga a 2006, an ga cewa sheƙunan da ke maƙwabtaka da rina sun fi sauran fitar da 'ya'ya. Don haka mai ƙona gidan rina a bishiyar tsakar gida ya fara leƙa rassan kusa.

Ɗaya daga cikin ɓarayin da ake gudu shi ne macijin nan mai haɗiye ƙwai. Ba shi da dafi, haƙora ma kusan babu. Yana haɗiye ƙwan ɗungurungum, ƙasusuwan bayansa da suka tsiro ta cikin maƙogwaro su fasa shi, ya shanye ruwan, ya tofar da ɓawon a nannaɗe. In aka ritsa shi sai ya riƙa goga ɓawon jikinsa yana ƙara irin ta kububuwa, abin da ke sa a kashe shi da gaggawa, alhali ko akuya ba zai iya yi wa lahani ba.