Kafin ka shafa wa sabon ɗakinka fenti, bari bangon ya sha iska

Birkila ya gama filasta ranar Laraba, biki saura mako uku, ƴan jere sun fara kiran waya suna tambayar yaushe za su kawo kaya. Kai kuma tuni ka adana hotunan ɗakuna kusan ashirin daga Instagram, ka zaɓi launin da kake so, har ka yi magana da mai fenti ya zo ranar Asabar. Ɗan dakata tukuna. Wannan kwana ukun da ke tsakanin Laraba da Asabar shi ne zai iya sa kuɗinka su bi ruwa.

Duk mun taɓa shiga irin ɗakin nan: amarya ba ta rufe wata shida ba, fenti ya fara kumbura kamar ƙuna, wani wurin yana ɓarewa, ƙasan bango ya yi fari-fari kamar an watsa gishiri. Sai a ce mai fenti ya ci amana, ko fentin jabu ne. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa laifin na gaggawa ne.

Ga abin da ke faruwa. Filastar da muke yi a nan siminti ce da yashi da ruwa mai yawa. Siminti yana buƙatar ruwan nan don ya yi ƙarfi, shi ya sa ake bin sabon bango da yayyafi na kusan mako guda. Bayan haka sauran ruwan sai ya fita a hankali ta fuskar bangon. Idan ka rufe shi da fenti, danshin zai nemi hanya, ya tura fentin waje. Yayin da yake fitowa kuma yana ɗauko gishirin da ke cikin siminti da yashi, ya bar shi a sama. Farin garin da kake gani ke nan.

Akwai kuma kaifin siminti. Sabon siminti yana da zafi irin na ruwan toka ko kanwa, wanda shi ne ke cin hannun leburori. Ka san yadda ake haɗa sabulun salo da ruwan toka da mai? To kusan haka ke faruwa idan ka shafa fentin mai a kan ɗanyar filasta: fentin ya yi laushi, ya yi danƙo, launinsa ya ɓaci.

Saboda haka ƙa'idar da masu aikin gini suka saba da ita ita ce a jira aƙalla kwana 28, wato mako huɗu. Da damina ma ya kan wuce haka, musamman ɗakin da ba ya samun iska. Da hunturu kuwa kada bango ya yaudare ka: busasshiyar iska tana busar da sama cikin kwana biyu, ciki yana nan da danshinsa.

Za ka ce ai ka ga bidiyo a YouTube ko TikTok, Bature ya yi fenti bayan mako ɗaya. Gaskiya ne, amma kayan aikinsu daban. A Ingila yawanci shafen ƙarshe na cikin ɗaki da farar ƙasar jifsam ake yi, siririn shafe ne mai saurin bushewa. Danginsa a wajenmu shi ne POP ɗin da ake yin silin da shi. Naka bangon siminti ne, lissafinsa ba ɗaya ba.

Ta yaya za ka gane ya bushe? Da farko duba launi. Ɗanyar filasta tana da duhu, busasshiya tana yin haske bai ɗaya, babu tabo-tabo. Sannan ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba: yanko farar leda kamar faɗin kwali, ka manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana ɗaya. Idan ka ga gumi a cikin ledar ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya ba. Yi gwajin a ƙasa-ƙasa da kuma kusurwa, nan danshi ya fi daɗewa.

Idan ya bushe, kada ka fara da fenti. Bi bangon da samfefa ka kawar da tsakuwa da kaushi, ka cike tsagu, ka share ƙura tas. Farin gishirin nan da busasshen burushi ake kankare shi, domin ruwa yana mayar da shi ciki ne kawai. Idan za a yi sikiridin don bango ya yi sumul, shi ma a bar shi ya bushe sosai kafin a goge.

Shafin farko shi ne wanda mutane suka fi raina wa, alhali shi ne tushe. Sabon bango yana shan ruwa kamar soso. Idan ka ɗora masa fenti mai kauri kai tsaye, zai tsotse ruwan, fentin ya zauna a sama bai kama ba, wata rana ka ja shi ya taho kamar bawon albasa. Magani shi ne ko dai ka sayi firama da aka yi don sabon siminti, ko a sirka fentin ruwa da ruwa a yi shafin farko da shi, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin bokitin. Bayan ya bushe sai shafi biyu na sosai, da tazarar awannin da kamfanin ya ƙayyade a tsakani.

A nan sai ka sa ido. Sirkawa a shafin farko daidai ne, amma mai fentin da ke tuttula ruwa a kowane shafi don bokiti ɗaya ya zagaye gida, shi zai bar maka bangon da ke goge wa mutane riga. Sayi fentin da kanka a wurin dila amintacce, ka duba murfi ba a taɓa buɗe shi ba, kuma ku yi yarjejeniya a kan adadin shafi kafin a fara. Araha ba ta ado.

Tsarin aiki kuwa daga sama ake farawa: silin, sannan bango, ƙofa da taga a ƙarshe, don abin da ya ɗiga kada ya ɓata inda aka gama. Kafin a taɓa silin tabbatar kwano ba ya yoyo, domin babu fentin da zai ɓoye tabon ruwan sama, zai sake fitowa. POP ma ya bushe ya yi fari fat tukuna. A buɗe tagogi yayin aiki, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin da ke warin fentin mai, ballantana yara ko mai asma.

To idan biki ya matso fa, kwana 28 ba su cika ba? Ka samu dangin amarya ku yi magana ta gaskiya. Ko a ɗaga jere kaɗan, ko a shiga da bangon a haka da labule da kayan ɗaki, a yi fenti daga baya. Idan ya zama dole, a tsaya a kan siririn shafin fentin ruwa wanda danshi zai iya ratsawa, a bar mai sheƙi da mai tsada zuwa lokacin da bango ya bushe. Hoton da za ka ɗora a sitatus na awa 24 ne, ɗakin kuwa ku za ku zauna a ciki, kuma kai za ka sake biyan mai fenti idan ya ɓare.