Yadda Ake Yi wa Mai Ƙaba Tiyata Idonsa Biyu

Ƙaba, wadda wasu ke kira gwaiwa idan ta gangara cikin maraina, tana samuwa ne sa'ad da hanji ko kitsen ciki ya kutsa ta wata kafa mai rauni a inda mara ta haɗu da cinya. Maganinta tiyata, kuma a kowace shekara ana yin wajen miliyan 20 a duniya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba dole ne sai an sa majinyaci barci ba.

Zafi saƙo ne da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa. Saƙon yana tafiya ne idan sinadarin sodiyam ya shiga jijiya ta wasu ƙananan ƙofofi. Magunguna irin su lidoken da bufibaken suna toshe ƙofofin nan, sai saƙon ya tsaya a hanya. Wuƙa tana yanka, amma labari bai isa ba.

Dabarar ta daɗe. A 1884 Karl Koller ya kashe zafin ido da koken a birnin Biyana, kuma ba a jima ba William Halsted na Amurka ya fara zuba shi a jikin jijiya. A 1900 Harvey Cushing ya bayyana yadda ya yi aikin ƙaba ta wannan hanya. Koken yana da guba, yana kuma kama mutum (Halsted kansa bai tsira ba), don haka lidoken, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, ya samu karɓuwa ƙwarai.

Jijiyoyi uku ke kula da wurin: iliyo-haifogastirik, da iliyo-ingwinal, da wani reshe na jenito-femoral. Biyun farko suna ratsawa tsakanin tsokokin ciki, kusa da tsinin ƙashin ƙugu da mutum ke iya taɓawa ta gaba. Likita yakan auna kimanin santimita 2 daga tsinin zuwa wajen cibiya, ya soka allura. A nan gwaninta take, domin tsokokin hawa uku ne, kuma idan maganin ya zuba a hawan da ba nasa ba, an yi aikin banza. A da, da hannu ake jin allura ta huda kowane hawa. Yanzu na'urar daukar hoto da sauti tana nuna tsoka da jijiya da bakin allura, har a ga maganin yana bazuwa. Da ita ake yin wata allurar mai suna TAP, wadda aka fara bayyanawa a 2001, inda ake malala magani tsakanin tsoka ta biyu da ta uku.

Duk da haka toshe jijiyoyin nan bai wadatar ba. Jakar ƙabar daga tantanin ciki take, kuma idan aka ja ta majinyaci yakan ji murɗa da tashin zuciya. Sai likitan fiɗa ya ƙara magani a wuyan jakar da kuma jijiya ta uku.

Ribar tana da yawa. Majinyaci yana iya yin tari a kan tebur a gwada ƙarfin ɗinkin, fitsari ba ya yawan riƙe shi kamar yadda yakan faru bayan allurar baya, kuma sau da yawa a ranar yake komawa gida. Tsoho mai ciwon zuciya ko huhu ya fi kowa amfana, haka ma asibitin karkara da ba shi da ƙwararren mai sa barci.

Haɗarin kuwa na lissafi ne. Lidoken da aka gauraya da adiranalin ba ya wuce miligiram 7 ga kowane kilo na nauyin mutum. Idan ya zarce, ko ya shiga jijiyar jini, harshe ya mutu, kunne ya yi ƙara, daga nan sai jijjiga, zuciya ma tana iya tsayawa. Wani lokaci maganin yakan malala zuwa babbar jijiyar cinya, ƙafa ta saki na wasu sa'o'i, shi ya sa ake gwada ƙarfinta kafin mutum ya miƙe. Ƙabar da ta shaƙe hanji, mai zafi da amai, aikin gaggawa ce, kuma galibi barci ko allurar baya ake yi mata.