Harry Ferguson: Mutumin da ya Ɗaura wa Tarakta Garma

'Yan'uwa manoma, da yawanmu mun san jar taraktar nan mai suna Massey Ferguson. To amma ko kun san mai sunan?

An haifi Harry Ferguson a 1884 a arewacin ƙasar Ailan. Ɗan manomi ne. A zamaninsa, tarakta tana jan garma ne kamar yadda shanun huɗa ke ja. Idan garma ta ci karo da dutse ko kututture, sai gaban tarakta ya tashi sama ta kife. Direbobi da dama sun rasu ta haka.

Ferguson ya samo maganin abin. Ya ƙera hannaye uku na ƙarfe a bayan tarakta, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Su ke riƙe garma, ta zama kamar jikin tarakta. Nauyin ƙasar da ake huɗa sai ya danne tayoyin baya, hannun sama kuma ya hana gaba tashi. Ya kuma sa famfon mai da ke ɗaga garma da sauke ta.

A shekarun 1920 ya riƙa kai dabarunsa wurin hukuma yana karɓar takardun mallaka. Takardar mallaka ita ce shaidar cewa kai ka ƙirƙiro abu. Ba mai ikon ƙera irinsa ya sayar sai da izininka.

A 1938 ya ƙulla yarjejeniya da Henry Ford na Amurka. Da baka suka yi, ba rubutu. Bayan 'yan shekaru kamfanin Ford ya janye, ya ci gaba da ƙera tarakta mai irin wannan tsari. Ferguson ya kai ƙara a 1948. A 1952 aka sasanta, aka biya shi dala miliyan 9 da dubu 250. Takardunsa ne suka tsaya masa.

A 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada. Ya rasu a 1960.

A Nijeriya ma akwai dokar 1970 mai kare ƙirƙira har shekara 20, kuma a Abuja ake rajista. Maƙeri ko mai walda da ya ƙirƙiro sabon injin casa ko na ɓarar gyaɗa, ya nemi rajista kafin ya kai shi kasuwa. Duk yarjejeniyar da zai yi kuma, a rubuta ta gaban shaidu.