Samanja Mazan Fama: Rayuwar Usman Baba Pategi da Hausar Bariki a Wasan Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci sunan Usman Baba Pategi a gaban Bahaushen da ya tashi a shekarun 1970 da 1980, mai yiwuwa ne ya ɗan yi shiru yana lalube. Amma da zarar an ce Samanja, sai a ga ya yi murmushi tun kafin a ƙarasa magana. Sunan da mutumin ya fito da shi a wasa ya danne sunansa na yanka, har ya zama da shi aka yi ta sanar da rasuwarsa. Wannan takarda za ta kawo taƙaitaccen tarihin rayuwarsa, sannan ta dubi matsayinsa a tarihin wasan kwaikwayon Hausa. Daga nan za ta tsaya a kan harshen da ya yi wasa da shi, domin a nan ne ɗalibin Hausa da ke Tamale zai ga abin da ya shafe shi kai tsaye.

2.0 Rayuwarsa

An haifi Usman Baba a ranar 20 ga Mayu, 1942, a garin Pategi da ke bakin kogin Kwara, cikin Jihar Kwara ta Nijeriya a yau. Banufe ne, kuma ɗan gidan sarautar Etsu na Pategi. Ya kamata a riƙe wannan batu da kyau: ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan Hausa na ƙarni na ashirin ba da Hausa ya buɗe baki ba. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce Midil ta Ilori, sannan ya koma Kaduna, hedikwatar Jihar Arewa ta wancan lokaci. A can ya yi aiki a ma'aikatar ayyuka, kafin ya shiga gidan watsa labarai na Arewa.

Cikin shekarun 1960, zamanin da ƙasar ta faɗa rikicin da ya kai ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya shiga soja. Ya yi horo a makarantar sadarwa ta soja da ke Apapa a Legas, ya yi ta aiki har ya kai muƙamin samanja, ya kuma ajiye kaki a 1985. Bayan nan ya ci gaba da shirya wasanni da fitowa a cikinsu a gidan Rediyon Tarayya na Kaduna. Bai bi hanyar sarautar gidansu ba. Ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81.

3.0 Fagen da Ya Tarar

Kafin zuwan rediyo, Hausawa suna da wasanninsu na gargajiya masu kwaikwayo, irin su tashe da wasan gauta da kalankuwa da 'yan kama. Rubutaccen wasa kuwa ya faro ne da wasanni shida da R. M. East ya buga a 1930. Daga baya aka sami su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Sai dai littafi na 'yan makaranta ne. Abin da ya kai wasan kwaikwayo zauren talaka da rumfar mai shayi shi ne gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962. Muryar Rediyon Kaduna tana tsallaka iyakar Nijeriya, saboda haka masu jin wasanninsa sun ninka masu karanta littattafan nan ninkin ba ninki.

Da aka kafa hukumar talabijin ta ƙasa, wato NTA, a 1977, kowace tasha ta Arewa ta fito da nata gwanin. Kano tana da Kuliya Manta Sabo, Jos tana da Karkuzu, Kaduna kuma tana da Karambana na Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama. Galibin waɗannan wasanni ba a rubuta su kalma bayan kalma. Mai shiri yakan tsara ƙashin labari, a raba matsayi, a ɗan gwada, sauran kuwa sai abin da bakin ɗan wasa ya kawo. A irin wannan tsari ɗan wasa shi ne rabin marubuci. Graham Furniss ya tattauna wannan zubi a littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa. Fim ɗin bidiyo na Kano, wanda aka saba ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na 1990, a kan wannan turba ya tarar da masu kallo.

4.0 Me Ya Sa Wasan Ya Karɓu?

Wasan Samanja ya fara fitowa ne a shekarun 1970, kuma ba za a gane farin jininsa ba sai an tuna halin da ƙasar ke ciki. Kafin yaƙi sojan Nijeriya bai wuce kimanin dubu 10 ba. Da aka gama yaƙi sun kai wajen dubu 250. Barikokin da ake da su ba su ɗauke su ba, sai da yawansu suka kama haya cikin gari, suna haɗa rijiya da makewayi da farar hula. Ga kuma mulki a hannunsu daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Ke nan soja maƙwabci ne, kuma mai mulki ne, abin tsoro ta kowace fuska.

Cikin wannan yanayi sai ga wani mutum a akwatin talabijin, da kaki da sanda da tsawa, yana buɗe wa jama'a ƙofar bariki su leƙa. Muƙamin da ya zaɓa ma abin lura ne. Samanja ba hafsa ba ne, ba kuma kurtu ba ne. A tsakiya yake: ya ƙame wa na sama, ya daka wa na ƙasa tsawa, in ya koma gida kuma ya tarar da rigimar iyali wadda ba ta san igiya ba. Daga wannan tsaka-mai-wuya ne yawancin ban dariyar ke fitowa. Farar hula ya sami damar yi wa soja dariya ba tare da ya sha gwale-gwale ba, soja kuma ya ga kansa a madubi bai ji an ci masa fuska ba, domin mai wasan nasu ne, ya san yadda ake sara wa na gaba da yadda ake jan ƙafa a fareti.

Ana iya cewa, kuma akwai gaskiya a ciki, wasan bai taɓa manyan tambayoyi ba. Tashar gwamnati ce ke nuna shi, a ƙarƙashin mulkin soja, don haka ladabi da biyayya da zaman lafiya da maƙwabta su ne jigoginsa, ba wai ko ya dace soja ya yi mulki ba. Amma wanda ya nemi wannan a talabijin ta wancan zamani ya nemi jini ga babe.

5.0 Hausar Bariki

Sunan wasan kansa darasi ne a kan aron kalmomi. Samanja ta samu ne daga haɗuwar saje da manjo, aka taƙaita ta, aka ƙarasa ta da wasali kamar yadda yawancin kalmomin Hausa suke ƙarewa. Haka kofur da laskofur da farabiti da fareti, inda sautin /p/ na Ingilishi ya koma /f/. A hafsa an sa /h/ a farkon kalma, a kurtu kuwa an yar da gaɓar farko ɗungum. Mazan fama kuma kirari ne na jarumai, daga Hausa tsantsa.

Abin da Samanja ke yi a bakinsa shi ne tsalle tsakanin Hausa da Turancin buroka da kalmomin umurni na fareti, wani lokaci cikin jimla guda. Ƙarƙashin wannan akwai nau'in Hausar da masana ke kira Barikanci, wadda ta tashi a inda mutane masu harsuna daban-daban suka haɗu a aikin soja. Siffofinta sanannu ne. Jinsi yakan ɓace, a ji misali "mata na ya zo" maimakon "matata ta zo". Baƙaƙe masu ƙugiya sukan koma marasa ƙugiya, har ƙasa da kasa su zama ɗaya. Karin sauti da tsawon wasali ma sukan rikice. Ba daidai ba ne a ɗauka cewa Usman Baba bai iya Hausa ba ne. Zaɓi ya yi, irin na mai sana'a, ya ɗauki muryar da duk wanda ya zauna kusa da bariki ya sani.

To, ina ruwan Tamale da wannan? Ruwanta babba. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa a Legas, ya kuma kawo Hausawa yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sandan Gwalkwas wadda aka fi sani da ta Hausawa, ko da yake da yawan waɗanda aka riƙa ɗauka daga baya mutanen arewacin ƙasar ne masu nasu harsuna. Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su. Tun kafin nan ma fataken goro sun kawo ta Salaga da zangunan da ke kan hanyar Gwanja. Da Tamale ta zama hedikwatar Yankunan Arewa a 1907, rafin kasuwa da rafin bariki suka haɗu a wuri guda. Shi ya sa wasu siffofin da aka lissafa a sama, musamman ɓacewar jinsi da na baƙaƙe masu ƙugiya, ake jin su a Hausar zangunan Gana, wadda wasu ke kira Gananci.

A nan akwai tarko ga ɗalibi. Kamanni ba ya nufin abu ɗaya ne. Barikanci harshen aiki ne na mutanen da kowa ke da nasa harshen a gida. Hausar zango kuwa akwai dubban mutane a Tamale da Kumasi da Nima ta Akara waɗanda ita suka sha a nono, da ita suke mafarki, da ita ake yi musu wa'azi. Abin da Bakano ya ji a bakin Samanja ya yi dariya, a wani gidan na Gana magana ce ta yau da kullum, ba wanda zai ɗaga kai. Saboda haka ɗalibin da ya sami wani kashi na wasan ya saurara, zai fi amfana idan ya ware abubuwa uku a takardarsa: abin da yake na bariki, abin da yake na zango, da abin da ɗan wasan ya ƙara da kansa don a yi dariya.