Saƙo a Cikin Ƙunshi

Yara, kun san rediyo. Gidan rediyo yana magana, mu kuwa muna saurare. Amma akwai mutanen da suke da rediyo mai aikawa da karɓa a gidajensu. Ba kuɗi suke nema ba, sha'awa ce da neman sani. Sai sun ci jarrabawa hukuma take ba su izini da lambar kira.

A shekarar 1978, wasu daga cikinsu a birnin Montreal na ƙasar Kanada suka haɗa rediyo da kwamfuta. Maimakon murya, sai suka aika rubutu.

Kaya huɗu ake bukata: kwamfuta, rediyo, eriya, da wani ƙaramin akwati da ake kira TNC. Akwatin nan yana yanka saƙo gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa ƙunshi ce, tana ɗauke da lambar mai aikawa da ta mai karɓa. A cikin akwatin akwai modem, wanda yake mai da ƙunshin ya zama ƙara, rediyo ta kai shi. Idan ƙunshi ya lalace a hanya, shi kaɗai ake sake aikawa. Ƙa'idar da tashoshin suke bi sunanta AX.25.

Da farko aikin yana da nawa. Kwamfuta tana rubuta kowane harafi da ɗigo 8, kowane ɗigo kuwa sifiri ne ko ɗaya. Modem da aka fi amfani da shi a farkon lokacin yana kai ɗigo 1200 a daƙiƙa guda, wato harafi 150. A 1987, Dale Heatherington na Amurka ya ƙera mai kai ɗigo 56000. A 1988, James Miller na Ingila ya fito da mai 9600, wanda ya bazu ƙwarai saboda sauƙinsa. Yau a Jamus da Ostiriya akwai haɗin tashoshi mai suna HAMNET, yana kai miliyoyin ɗigo a daƙiƙa guda.

To, sauri yana son faffaɗar hanya. Irin wannan hanya sai a kan igiyoyin rediyo ƙanana ƙwarai. Su kuwa miƙe suke tafiya kamar hasken tocila. Dutse ko dogon gini yana tare su. Dole eriya ta hangi ƴar'uwarta.

Saboda haka ake kafa tashoshi a kan tuddai da dogayen hasumiyoyi. Wannan ta karɓi ƙunshi ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda ayari yake tafiya daga rijiya zuwa rijiya. Idan tasha ɗaya ta mutu, ana neman wata hanya. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki. Wani ya ba da eriya, wani batir, wani ya hau tudu ya gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ran da ambaliya ko girgizar ƙasa ta katse wayar tarho, tashoshin nan suna iya ci gaba da aiki da batir ko hasken rana. Ta nan ake aika sunayen waɗanda suka tsira da jerin magungunan da ake bukata.

Tambayoyi

1. Waɗanne kaya huɗu ake bukata?
2. Don me ake kafa tashoshi a kan tudu?
3. Harafi nawa modem mai ɗigo 9600 yake kaiwa a daƙiƙa guda?