Ƙwayar gadon da ke taka wa sankara birki

A kowace rana biliyoyin ƙwayoyin halitta na rabuwa gida biyu a jikin ɗan Adam domin maye gurbin waɗanda suka mutu a fata da hanji da jini. Umarnin wannan rabuwa a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado. Wasunsu, irin su RAS, aikin totur suke yi, su ce a rabu. Wasu kuma birki ne. Cutar sankara, wadda ake kira kansa ko daji, tana samun gindin zama ne idan totur ya maƙale, birki kuma ya tsinke.

Birkin da ya fi shahara shi ne TP53, wanda ke samar da sinadarin p53 da masana suka gano a 1979. Da zarar rubutun gado ya samu tangarɗa, p53 kan dakatar da rabuwar ƙwayar halitta har a kammala gyara. Idan ɓarnar ta wuce gyara, sai ya umarce ta da ta mutu kafin ta hayayyafa. A kusan rabin sankarar da ake samu a mutane, ana tarar da TP53 a lalace. Giwa, wadda duk girmanta ba ta cika kamuwa da cutar ba, tana ɗauke da kwafinsa kusan 40.

Mutum kuwa kwafi biyu kawai yake da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kalmar "gado" na iya ruɗarwa a nan, domin sankarar da ake gada daga iyaye ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Sauran lalacewar a cikin rayuwa take aukuwa, ta hanyar hayaƙin taba, wasu cututtuka, ko kuskuren da ke taruwa da tsufa.

Akwai wata hanyar da ta shafi rumbu da kasuwar hatsi kai tsaye. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi tana samar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata TP53 a hanta a gurbi guda sananne, mai lamba 249. An ga wannan tambari a masu sankarar hanta a Gambiya da Mozambik da wasu yankunan Sin. Haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ke da allurar riga-kafi. Dafuwa ko suya irin ta gida ba ta kawar da gubar, don haka kariyar tana ga busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a buhu, da tsince ƙwayoyin da suka canza launi.