Labarin Ƙananan Jiragen Sama Na Leƙen Asiri

Duk wanda ya san Wurno ya san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai zaɓi wurin nan don daɗin zama ba. Ribaɗi ya kafa bisa tudu, yana duban fadamar Gulbin Rima, domin ya tsare Sakkwato daga harin Gobirawa da Azbinawa. A can ya rasu cikin 1837, a can kuma kabarinsa yake. To, aikin farko na mazauna ribaɗi shi ne gani. Sai an hango ƙurar abokan gaba tun tana nesa kana a yi maganar sirdi da mashi. Don haka akan ɗora masu tsaro bisa ganuwa, a kuma aiki 'yan leƙen asiri su kwana daji su komo da labari. Jiragen da za mu ba da labarinsu a nan wannan aiki suka gada.

Bari mu fara da ɗan lissafi, don a ga amfanin hawa sama. Mutum a tsaye cikin fili, ko da ba itace ko tudu da ya tare shi, iyakar ganinsa mil 3 ne, gama ƙasa lanƙwasawa take yi. In ya hau abu mai tsawon ƙafa 30, ganinsa ya kusa mil 7. In kuwa ya yi sama ƙafa 1,000, sai wajen mil 38. Wanda ke so ya gwada wa 'yan ajinsa, ga hanyar: a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsawon wurin a ƙafa, sa'an nan a ƙara mata kashi ɗaya cikin biyar nata, abin da ya fito shi ne mil. Watau jirgi yana shawagi bisa Wurno, mai dubawa zai hango Sakkwato da Goronyo, waɗanda kowannensu bai wuce kamar mil 20 ba, balle Raba da ta fi su kusa. Amma fa ranar da gari ya yi garau ke nan. Da hunturu, in hazo ya sauko, lissafin nan sai ya tsaya a allo.

A nan ƙasar Afirka aka fara sa jirgin sama wannan aiki. Ran 23 ga Oktoba 1911, sa'ad da Italiya ke yaƙi da Turkawa a kan Tarabulus, garin nan da fatakenmu suka sani tun kaka da kakanni, wani hafsa wai shi Kyaftin Carlo Piazza ya tashi ya dubo sansanin Turkawa ya komo. Bayan shekara 14 irinsu suka iso mana. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Masar, shugabansu Arthur Coningham. Sunan irinsu DH.9A, masu fikafikai biyu bisa biyu, mutum biyu ke shiga, injinsu mai ƙarfin doki 400. Don jefa bom aka ƙera su, amma an sa su sintiri da leƙe ƙwarai. Jikinsu kuwa katako ne da waya, aka lulluɓe da zane. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Da yaƙin Hitila ya tashi cikin 1939, Ingilishi suka shiga da wani jirgi mai suna Lysander, babba, mai ƙarfi, har da bindigogi. Ashe girman nan ba alheri ba ne. A Faransa cikin 1940 aka hallaka musu fiye da 100, domin ya yi girma da ɓuya, bai kuwa kai jiragen Jamus gudu ba. Sai aka komar da shi waɗansu ayyuka, har Faransawan Janar de Gaulle suka yi aiki da waɗansu a Fort Lamy, garin da ake kira Njamena yanzu. Abin da ya gaje shi wajen duba wa igwa abin dariya ne ga ido: Ingilishi suka ɗauki Auster, Amurkawa kuwa Piper L-4 mai ƙarfin doki 65 tak, wanda yawanci tafiyarsa kamar mil 75 ce a sa'a guda, ba shi da ko bindiga ɗaya. Sai tagogi masu faɗi, da taswira, da wayar iska. Yakan tashi daga gona ko gefen hanya, ya yi ƙasa-ƙasa a bayan rundunarsu, in an biyo shi ya kurɗa tsakanin itatuwa kamar fara. Mai dubawa ya ga inda harsashin igwa ya faɗi, ya buga waya ya ce a ƙara yadi kaza gaba, ko a karkata hagu, har a dace.

Ga abin da muka fi so 'yan'uwa su lura da shi. Ingilishi ba direbobin jirgi suka ɗauka suka koya musu igwa ba. Hafsoshin igwa suka zaɓo, waɗanda suka riga suka san ƙasa da yadda soja ke ɓuya a cikinta, suka koya musu tuƙi. A ganinmu sun yi hankali. Tuƙi abin 'yan watanni ne, amma rarrabe ƙurar garke da ƙurar mahaya sai wanda ya daɗe yana shan ƙura. Haka ɗan leƙen asirin Wurno yake: doki kowa na iya hawa, sanin sawu shi ne sana'ar.

Kakanninmu da suka tafi yaƙin Bama sun san ƙananan jiragen nan ta wata fuska dabam. Cikin 1944 runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin Kogin Kaladan, inda ba hanyar mota, abincinta da harsashinta duka daga sama ake sako mata da laima. Cikin shekarar nan kuma bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Nijeriya suka shiga can bayan Japanawa tare da rundunar Janar Wingate. To, sako kaya daga sama da sauƙi, amma yaya za a yi da wanda harsashi ya karya wa cinya, ko wanda zazzaɓi ya kayar? A da sai mutum huɗu su ɗauke shi kwana da kwanaki cikin kurmi, sau da yawa ya cika a hanya. Nan ne sojoji suka riƙa share ɗan fili da adda da gatari, ƙananan jirage su sauka su kwashe masu rauni ɗaya ɗaya. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Stinson L-5 na Amurka, mai ƙarfin doki 185, wanda aka ƙera kusan 3,600. Daga baya ma aka yi masa ƙofa doguwa a gefe, don a shigar da majiyyaci yana kwance. Mazan jiya da yawa da suka komo ƙasar Hausa da tabo a jiki, da ba don abin nan na katako da zane ba, da a can aka bizne su.

Maganar ba ta jiya kaɗai ba ce. Cikin Oktoba 1921 ba wanda zai yi tsammanin haka, amma cikin Oktoba 2021 'yan bindiga suka faɗa kasuwar Goronyo suka kashe mutum fiye da 40, ƙasar da aka kafa ribaɗi don tsaronta ta sāke bukatar masu hange. Jiragen leƙe na wannan zamani sun fi na da nisa da gani, waɗansu ma ba mutum a ciki, mai tuƙinsu yana zaune can cikin ɗaki. Amma ran 3 ga Disamba 2023 irin wannan jirgi na soja ya saki bom a kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙasar Kaduna, mutum 85 ko fiye suka rasu, Allah ya jiƙansu. Jirgin ya ga taro sarai. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce wannan taron Mauludi ne.

Yanzu mu koma kan katako da zane. Rashin nauyin da ya sa jiragen nan suka yi amfani, shi ya sa ba su daɗe ba. Rana ta ƙone zane, ruwa ya ruɓar da katako, danƙon da aka manna su da shi ya saki. Duk mai ɗakin ƙasa ya san abin da ke faruwa in damina uku ta wuce ba a yi yaɓe ba. Saboda haka raya tsohon jirgi aikin kafinta ne da tela da maƙeri kafin ya zama na makaniki. Akan yaye tsohon zanen duka, a bi haƙarƙarin fiffike ɗaya ɗaya, wanda ya ruɓe a sassaƙa sabo bisa awon takardun masu ƙira na asali. Sa'an nan a shimfiɗa sabon lilin, a ɗinke shi da haƙarƙarin da doguwar allura da zare mai kaki, kowane ƙulli da hannu. A shafa masa wani ruwa mai kamar fenti sau da yawa, yana bushewa yana jan zanen, har ya ɗame kamar fatar ganga. Ƙarfen inji da ya cinye kuwa ba kantin da za a saye shi, sai a ƙera.

Aikin yakan ci shekaru. A Bikaner, ƙasar Hindu, aka tarar da gawarwakin jirage DH.9, watau yayyen waɗanda suka sauka Kano, a yashe cikin ɗakin giwayen sarki, gara ta yi musu ɓarna. Kyauta ce Ingila ta aika bayan yaƙin 1914 zuwa 1918. Aka komo da su Ingila, aka gama ɗaya aka ajiye a gidan kayan tarihi na Duxford cikin 2007, ɗayan kuwa bai tashi sama ba sai cikin 2019. Masu wannan sana'a suna da gardama tsakaninsu. Waɗansu sun ce jirgin da ba ya tashi gawa ne. Waɗansu kuwa sun ce in za a tashe shi tilas a sāke duk katakon da ake shakka, har a wayi gari suna ne kaɗai tsoho. Mu dai muna ganin inda aka sami biyu, a tashi ɗaya a ajiye ɗaya, kamar yadda aka yi da na Bikaner. Inda ɗaya ne tilo, kada a taɓa.

DH.9A kuwa tilo ne. Cikin dukan waɗanda aka ƙera a Ingila ɗaya ya rage, mai lamba F1010, ba ya kuwa cikin ukun nan na Kano. Nizam na Haidarabad, wani sarki Musulmi mai dukiya a ƙasar Hindu, shi ya biya kuɗinsa tare da 'yan'uwansa. Shi ne na 13 cikinsu, amma da yake Turawa na camfa wannan lamba sai aka rubuta masa 12A. Ran 5 ga Oktoba 1918 ya faɗa hannun Jamusawa, suka ajiye shi gidan kallo a Balin. Da bom ya dami Balin cikin yaƙi na biyu aka gudu da shi gabas, ya ƙare a Krakow ta ƙasar Folan, ba fikafikai. Cikin 1977 Ingilishi suka fanso shi da jirgin Spitfire guda, suka ƙera masa sababbin fikafikai, suka fito da shi ga jama'a cikin 1983. Wanda ke son ya ga kamannin abin da Kanawa suka fita kallo cikin 1925, sai ya tafi gidan tarihin sojan sama a Hendon, cikin birnin London, a can yake tsaye da sunan Haidarabad a jikinsa.